Uwargida, Ina Jarin Ya Tafi?

 

'Yar'uwa, in har kina taɓa wata sana'a a cikin gidanki, ko da ƙullin omo da gishiri ne, ina da tambaya gare ki, kuma ba na son ki amsa da sauri. Nawa kika ci riba a watan da ya wuce? Lura, ban ce nawa kika yi ciniki ba. Ciniki kowa ya san nasa, tun da ido na ganin kuɗi suna shigowa. Riba nake tambaya, wato abin da ya rage naki na kanki bayan kin fitar da uwar kuɗi da duk wani abu da sana'ar ta ci. Na sha yin wannan tambaya a ajin matan aure da nake koyarwa da yamma, kuma amsar kusan iri ɗaya ce: "Malama, alhamdulillahi dai, ana samun na sabulu." Godiya ga Allah wajibi ce, ba ni da ja a kai. Amma matar da ta ba ni wannan amsa, sau da yawa ita ce za ta tare ni bayan wata uku ta ce jari ya karye, ba ta san inda ya shiga ba.

Kada ki raina abin da muke juyawa a bayan katanga. Tun a shekarar 1969 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan cinikin da matan Hausawa suke yi daga cikin gida, ta nuna cewa kasuwa ce sukutum wadda baƙo ba ya gani. Yau ma haka abin yake, har ya ƙaru. Da wannan ciniki ake yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, da shi ake biyan kuɗin Islamiyya a gidaje da yawa, da shi ake kai yaro asibiti ranar da maigida ba ya gari. Duk wani kamfani, kome girmansa, yana ajiye akanta yana biyansa albashi don kawai ya riƙa faɗa masa gaskiyar abin da ya shiga da abin da ya fita. Su da suke da jari mai kauri ke nan, wanda zai iya jure ɓarnar shekara guda. Ke da jarinki bai wuce abin da za a ƙulle a bakin zane ba, kin fi su bukatar sanin gaskiyar, domin ɓarnar sati biyu ta isa ta kwantar da ke.

Bari mu ɗauki mai awara, tun da kusan kowace unguwa akwai ta. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, ki cire su ki sa farashin garinku. Ta sayi waken suya kwano biyu a kan naira 6,000. Markaɗe 600. Man suya 3,500. Itace 1,000. Ruwa daga 'yan garuwa 300. Yaji da magi da albasa da kabeji 1,200. Leda 400. Jimla 13,000 ke nan ta zuba kafin ta sayar da ko yanka ɗaya. Awarar da ta fito, in an sayar da ita duka, ta naira 15,500 ce. To amma yara sun dawo daga makaranta da yunwa sun ci ta 600. An zuba ta 500 an kai wa surukarta, wanda kuwa abu ne mai kyau. Maƙwabciya ta aiko an ba ta ta 700, ta ce sai maigidanta ya dawo. Da magariba ta ƙirga abin da ke cikin gwangwani, ta samu 13,700.

A nan ne matsalar take. In kika tambaye ta abin da ta kashe, wake da mai kawai za ta tuna, domin su ne manya, su ne ta fitar wa kuɗi a dunƙule. Sai ta cire 9,500 daga 13,700, ta ga saura 4,200, ranta ya yi fari. Ta ɗauki 3,000 ta sayi sabulu, ta ƙara a cefane, ta ba yara kuɗin tara na gobe, tana ganin har ta bar rarar 1,200. Alhali abin da ya hau kan uwar kuɗinta a hannu naira 700 ne kacal, sai wata 700 ɗin da ke wajen maƙwabciya. Gari ya waye tana da 10,700, sana'a kuma tana neman 13,000. Sai ta rage wake zuwa kwano ɗaya da rabi, ta ce yau kasuwar ce ba kyau. Jibi ya koma kwano ɗaya. Kafin sati biyu an kife kasko.

Daga nan sai zargi ya tashi. Wata ta ce kuɗin cizo aka kawo mata, wata ta ce bakin mutane ne, wata ta ce kishiya ce ta sa mata hannu. Kambun baka gaskiya ne, kuma azkar na safe da na yamma garkuwa ce da bai kamata mumina ta ajiye ba. Sai dai ina jin tsoron ranar da za mu tsaya gaban Allah da zargin baiwar da ba ta ji ba ba ta gani ba, alhali hannunmu ne ya riƙa shiga gwangwani sau goma a yini.

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, karatun allo ma ba ta yi nisa ba, amma ta shekara fiye da ashirin tana man gyaɗa da ƙuli-ƙuli jarinta bai taɓa mutuwa ba. Gwangwanayen madara uku gare ta a ƙarƙashin gado. Na farko na gyaɗa ne, shi wannan ko wuta ake yi ba a taɓa shi. Na biyu na inji da itace da sauran tarkace. Abin da ya rage bayan ta cika waɗannan biyun shi take jefawa a na uku, kuma daga nan kaɗai muke samun na alewa. In muka ɗebi ƙuli muka ci, ba ta hana mu, amma sai ta ciro kuɗinsa daga na uku ta mayar a na farko, muna kallo muna dariya, wai Inna tana sayen kayanta da kanta. Masu karɓar mai bashi kuwa, a bayan ƙyauren ɗaki take zana musu layi da gawayi, kowace da gurbinta, in an biya ta goge da yawu. Sai da na je kwalejin horon malamai, muka yi ɗan darasin ajiye lissafin kasuwanci, na ji malamin yana bayani da manyan kalmomi cewa dukiyar sana'a daban take da aljihun mai sana'a, kuma duk abin da mai sana'a ya ɗauka don kansa sai an rubuta. Na ce a raina, ashe Inna ta riga shi.

Wannan rabewar ita ce gindin komai, kuma ita ce ta fi wuya ga matar aure, domin shagonta da ɗakinta wuri ɗaya ne. Mai shago a kasuwa in ya kulle ya tafi, kayansa sun huta. Ke kuwa gishirin sayarwa yana nan kusa da tukunya, baƙi sun zo lemon sayarwa yana cikin firiji, an aiko da katin biki kuɗin anko yana cikin jakar ciniki. Ban ce ki zama marowaciya a gidanki ba, Allah Ya kiyaye. Ki ci, ki ba yara, ki yi kyauta. Abin da nake roƙo shi ne ki san cewa kin ci, ki san nawa ne.

Sai maganar maigida, wadda na san da yawa kuna jira ku ji ta inda zan ɓullo mata. "Ara mini dubu biyu, in na fita zan kawo miki." Wace ce a cikinmu ba ta san wannan jumla ba? Shari'a ta ɗora ciyarwa a kan miji, kuma dukiyar mace tata ce, ba ta zama ta miji don an ɗaura aure. In kika taimaka masa da daɗin rai, lada ne babba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da su, mace ce mai sana'ar hannu, kuma da aka tambayar mata Manzon Allah (SAW) game da abin da take kashewa a kan mijinta da marayun da ke hannunta, an yi mata albishir da lada biyu, na zumunci da na sadaka. To amma ki rarrabe tun a lokacin: wannan kyauta ce ko rance? In kyauta ce, daga ribarki za ta fito, ki bayar ki manta. In rance ne, ki rubuta rana da adadi, ki faɗa masa cikin ladabi cewa kuɗin sari ne, ranar kaza za ki aika kasuwa. Abin da ke ɓata zaman aure shi ne na tsakiya, wanda baki ya ce "ba komai" zuciya kuwa tana ƙirgawa. Shekara biyar ana tarawa, ranar da aka samu saɓani sai a zazzage buhu gaba ɗaya, ita ta ce ya cinye mata jari, shi ya ce yaushe, kuma babu mai shaida ko ɗaya. Na zauna a sulhu irin wannan fiye da sau ɗaya, ban taɓa fitowa da daɗin rai ba.

Wannan ya kawo mu kan bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma sana'ar cikin gida ba ta yiwuwa sai da shi, tun da masu sayen naki 'yan'uwa ne da maƙwabta da ƙawaye. Ko kin san ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka? Ba a kan sallah ba, ba a kan azumi ba. Ta yi umarni da a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, ta yi bayanin wanda zai rubuta da wanda zai yi shifta da shaidu, ta hana a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba, sannan ta faɗi dalili, cewa hakan ya fi adalci kuma ya fi kawar da shakka. Cinikin hannu da hannu ne kawai ta ɗauke wa rubutu. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa umarnin na shiryarwa ne zuwa ga abin da ya fi, wasu kuma irin su Imam Ɗabari sun ɗauke shi wajibi. Ko wanne kika bi, Mahaliccinmu da Ya san halin mantuwarmu Shi ne Ya ce a rubuta.

Mu kuwa kunya ta hana mu. Wai in ka ɗauko biro a gaban mutum ka nuna ba ka yarda da shi ba. Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, su da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutun ba don maƙaryaci kaɗai aka yi shi ba, don mai gaskiya ne da ke mantuwa. Ƙawarki ta karɓi hijabi biyu, ta kawo rabin kuɗi ranar suna cikin hayaniya, ta aiko yaro da wani abu bayan sati uku. Wata biyu suka wuce. Ita a iya saninta saura 1,500, ke a iya saninki saura 3,000. Babu wadda ta yi niyyar cin haƙƙin wata, amma daga ranar gaisuwa ta canja. In kuwa duk lokacin da ta kawo wani abu kin buɗe shafinta a gabanta kin rubuta, kin ce "Maman Ummi, kin ga saura kaza ko?" ta ce haka ne, to magana ta ƙare. Ni a gurina kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan gabar shekara.

Akwai kuma amfanin da ba a cika lura da shi ba. Sai kin tara bashin da kike bi a shafi ɗaya ne za ki ga girmansa. Wata ɗalibata mai sayar da atamfa da leshi, da muka zauna muka jera sunayen masu riƙe da kuɗinta, sai da ta dafe ƙirji, domin fiye da rabin jarinta yana jikin mutane suna zuwa biki da shi. Tun daga ranar ta yanka wa kanta iyaka: bashin da ke waje ba zai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jari ba, kuma wadda ba ta gama biyan na baya ba, ba ta ɗaukar sabo. Wasu sun yi fushi sun ɗauke ƙafa. Da ta duba littafi sai ta ga waɗanda suka ɗauke ƙafar su ne dama ba sa biya.

Shekarun nan sun ƙara mana wani darasi mai ɗaci. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma a wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Mata da yawa sun karye a wannan tsakani suna tsammanin riba suke ci. Ga yadda abin yake faruwa. Kin saro turmin atamfa a Kantin Kwari a kan 10,000, kin bayar a 12,000 za a biya cikin wata uku. Kuɗi sun cika, kin ware 2,000 kin kashe a matsayin riba. Kin koma kasuwa da 10,000, aka ce miki turmin ya zama 12,500. Ashe ko duka 12,000 ɗin kika riƙe ba za su maido miki da turmin da kika fitar ba. Saboda haka jari ba a auna shi da naira kawai, da kaya ake auna shi. Da turmi nawa kika fara, turmi nawa za ki iya sarowa yau? Kwano nawa, jarka nawa? In adadin ya ragu, jarin ne kike ci, ko da kuɗin hannunki sun fi na da yawa. Kafin ki yanka wa kaya farashi, ki bugo waya ki ji nawa ake sarinsu yau, kada ki tsaya a kan nawa kika saro su.

Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya tura har tsofaffi buɗe asusu a waya. Abin ya zo da sauƙi, ya kuma zo da sabon ruɗani. Wata za ta ce ai ba ta bukatar littafi, komai yana cikin waya. Waya tana nuna kuɗi sun shigo, amma ba ta san na mene ne ba. Kuɗin turare, da gudummawar biki da yayarki ta turo ki miƙa, da na cefane da maigida ya turo, duk sun haɗu a tulu ɗaya, ga kati da data da ladan mai POS suna tsotsa ta ƙasa. In da hali ki ware asusu guda na sana'a zalla. Kuma kada ki saki kaya don an nuna miki hoton rasit ko saƙo ya shigo, ki buɗe asusun ki ga kuɗin da idonki, domin alat na bogi ya sa mata da yawa kuka.

Yanzu bari in sa hular malanta, ko in ce hijabin malanta. A cikin dukiyar kasuwanci akwai haƙƙin da ba naki ba, wato zakka. Nisabinta dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, abin fitarwa kuma ɗaya bisa arba'in, wato naira 25 a cikin kowace 1,000, in shekara ta zagayo. Da yake farashin zinariya yana motsi, sai ki tambayi malamai ko hukumar zakka ta jiharku nawa nisabin yake a naira a watan da shekararki ta cika. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muke karantawa a Risala, an bambanta mai ajiye kaya yana jiran su yi tsada da mai juya kaya kullum, saye da sayarwa ba tsayawa. Yawancinmu a kashi na biyu muke. Irin wannan 'yar kasuwa tana da wata guda a shekara da za ta yi wa kayan da ke hannunta kuɗi a farashin ranar, ta haɗa da tsabar da take da ita, ta haɗa da bashin da take sa ran za a biya ta, ta lura da bashin da ake bin ta, sannan ta ga ko ta kai nisabi. Keken ɗinki da firiji da injin markaɗe ba sa shiga, tun da ba don sayarwa aka ajiye su ba. Riba kuma shekarar uwar kuɗinta take bi, ba a buɗe mata sabuwar shekara. To ki faɗa mini, matar da ba ta san adadin kayanta ba, ba ta san bashinta ba, ba ta ma san watan da ta fara ba, ta yaya za ta sauke wannan farali? Na san masu sayar da gwala-gwalai da kayan ɗaki da atamfofi daga cikin gida waɗanda na tabbata sun wuce nisabi, amma in azumi ya zo sai su ɗebi wani abu da ka su raba, su ce zakka ce. Mai yiwuwa sun ba da fiye, mai yiwuwa ƙasa. Rukunin Musulunci bai kamata a yi shi da cinta ba.

Haka in jarin na wani ne. Uwar muminai Nana Khadija, Allah Ya yarda da ita, tana ba maza dukiyarta su yi fatauci, kuma ta haka ne Manzon Allah (SAW) ya tafi Sham da kayanta tare da yaronta Maisara. Wannan tsari na mai kuɗi da mai juyawa, wanda littattafanmu suke kira ƙiradi, sharaɗinsa a san uwar kuɗi, a san kason kowa a cikin riba, rabi ne ko sulusi. In yayanki ya ba ki jari a kan ku raba riba, ba ki rubuta komai ba, me za ku raba? Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ma, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ba sa zuba kuɗi a sana'ar da ba a ga shigarta da fitarta ba.

Na san akwai mai cewa ƙirge yana cire albarka. Na sha jin wannan, har a kan kafa hujja da nasihar da aka yi wa Asma'u 'yar Abubakar cewa kada ta riƙa ƙididdigewa. Waccan nasiha a kan kyauta da sadaka take, kada mutum ya riƙa ƙirga abin da ya bayar don Allah yana jin ciwo. Amma a fagen ciniki da amana, an ruwaito umarni da a riƙa auna abinci domin a samu albarka a cikinsa, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya zaunar da ma'aikacin da ya aika karɓar zakka ya yi masa lissafin abin da ya kawo. Kowanne da muhallinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutuwa. A unguwarmu an yi wata uwar adashi, mace mai amana da kowa ya shaida, mata 18 suke zubi a wajenta duk sati. Komai a kanta yake: wadda ta kwasa, wadda ta yi musayar layi da wata, wadda ta tsallake zubi biyu, wadda ta ce a riƙe mata nata sai bikin 'yarta. Ta kwanta ciwon kwana biyu, Allah Ya karɓi abarSa. Bayan sadakar bakwai aka zauna, abin da mata suka lissafa ya ninka abin da aka samu a akwatinta, kuma babu mai iya cewa wance ta ƙara ko wance ta manta. Ga marayu, ga Shari'a ta ce ba a raba gado sai an biya bashi. Mijin, bawan Allah, ya sayar da abin da zai sayar ya biya duk wadda ta rantse, don kada a bar matarsa da nauyi. Mun san an taɓa kawo gawa Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi mata sallah saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Har yau in na wuce ƙofar gidan nan sai na tuna cewa littafi mai fallaye arba'in da ya raba wannan gardama.

Shi ɗin dai nake so ki aika a sayo miki, irin na 'yan firamare, da biro ɗaya da za ki ɗaure a jikinsa da zare don kada yara su ɗauke. In kin buɗe, shafin dama ki rubuta abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, kowanne da kwanan wata, har kuɗin leda da na ɗan aike da na mota. Abin da gida ya ci ki ba shi nasa layi. Ki juya littafin ta baya ki ba kowace mai bashi rabin shafi, ki kuma ware wuri na bashin da ake bin ki, wannan ma ya fi muhimmanci. Ki rubuta a lokacin da abin ya faru, domin "anjima zan rubuta" ita ce ƙofar mantuwa. Ranar Alhamis ko Juma'a da babu Islamiyya, ki samu rabin awa ki tara, ki ƙirga kayan da suka rage, ki cire wa sana'a kuɗin sari a farashin yau, ki jefa wani abu a asusu saboda ranar da keke ko firiji zai lalace, sannan ki yanka wa kanki ladan wahalarki. Abin da kika yanka ɗin shi ne naki na kashewa.

In ba ki iya boko ba, ajami ya wadatar, lambobi kuwa duk mai danna waya ta san su. In shi ma babu, 'yarki ta aji huɗu za ta iya riƙe miki biro, kin ga ta samu darasin da ya fi yawon talla amfani, sai dai ki ja mata kunne cewa sunan mai bashi sirri ne, ba a kai shi makaranta. Watan farko littafin zai iya nuna miki abin da ba ki so, kamar a ce zoɓon da kika fi wahala a kansa ƙanƙara da sukari ne suke cinye ribarsa, ɗan ƙullin yajin da kika raina shi ne yake riƙe da ke. In haka ta faru sai ki ƙara farashi, ko ki rage girman ƙulli, ko ki ajiye wancan ki ƙarfafa wannan.

Littafin kuma ki nema masa wuri guda da ruwa ba ya kaiwa, ki sanar da mutum ɗaya da kika amince da shi inda yake, maigida ne ko babbar 'yarki. Wadda ta gwada na wata guda tana iya rubuto mana abin da ta gani ta adireshin wannan mujalla, ba sai ta sa sunanta ba.